Jinyar Firgici Bayan Mummunan Lamari: Asibiti, Bidiyo, Shirin Intanet ko Manhajar Waya?

Mutum na iya tsira daga harin 'yan bindiga a kan hanya, ko daga haɗarin mota, ko daga fyaɗe, raunukan jikinsa su warke, jama'a su gama zuwa jaje, amma bayan wata shida a tarar har yanzu ba ya iya barcin awa uku a jere. Idan tayar babur ta fashe a bakin titi sai gabansa ya yanke ya faɗi, gumi ya karyo masa, ya ga abin da ya faru a gabansa kamar yanzu yake faruwa. Ya daina bin hanyar da abin ya auku ko da zagayen zai ci masa rabin yini, ya zama mai saurin fushi ga iyalinsa, kuma a ransa yana zargin kansa da cewa da ya yi kaza da ba a kashe abokin tafiyarsa ba. Idan irin waɗannan alamomi suka wuce wata ɗaya kuma suka hana mutum gudanar da harkokinsa, likitoci na kiran larurar da PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan lamari. Ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 4 cikin 100 na mutanen duniya sun taɓa fama da shi.

Ciwon yana da magani. Matsalar ita ce isa ga mai maganin. A Nijeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma galibinsu suna manyan birane, alhali waɗanda rikici ya fi shafa suna ƙauyukan Borno da Yobe da Zamfara da Katsina, ko Diffa da Maraɗi a Nijar. Wannan ne ya sa mutane da dama ke tambaya ko jinya ta intanet za ta iya maye gurbin zuwa asibiti. Amsar ta danganta da abin da ake nufi da jinya ta intanet, domin abubuwa uku mabambanta ne ake kira da wannan suna, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin wasunsu da asibiti.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko, wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne ko jinyar tana fuskantar abin da ya faru ko tana kewaye shi. Hanyoyin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu duk suna sa majinyaci ya koma ga lamarin a hankali, cikin tsari, tare da jagorancin wanda ya san aikin. A hanyar da Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta tsara, majinyaci yana maimaita labarin abin da ya same shi har tsoron ya rage kaifi, sannan ya riƙa komawa wuraren da yake gudu mataki-mataki. A hanyar Patricia Resick, wadda yawanci zama 12 ce, ana bin tunanin da ya maƙale wa mutum, kamar zargin kai ko ganin cewa babu sauran wanda za a amince wa, ana auna shi da gaskiyar abin da ya faru. Akwai kuma EMDR ta Francine Shapiro, inda mutum ke tuno lamarin yana bin motsin hannu ko haske da idanunsa. Koyar da numfashi da kwantar da jiki na da amfani, amma su kaɗai ba sa kai wa ga abin da waɗannan ke kaiwa.

Ma'auni na biyu shi ne ɗorewa, wato ko sauƙin da aka samu zai kai shekara ko fiye. Na uku kuɗi, har da kuɗin mota da na data da yinin da aka rasa a kasuwa ko gona. Na huɗu sauƙi: harshe, iya karatu da rubutu, ƙarfin sabis, da samun ɗakin da mutum zai yi magana ba tare da wani ya ji ba. Na biyar haɗari: idan hankalin majinyaci ya tashi sosai a tsakiyar jinya, ko tunanin halaka kansa ya zo masa, wa zai sani, kuma me zai iya yi?

Zaɓi na farko: zama gaba da gaba da ƙwararre

Wannan ita ce hanyar da ake auna sauran da ita. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara a 2018 cewa a yi zama 8 zuwa 12, a ƙara idan mutum ya fuskanci munanan lamura da yawa. Wajen ɗorewa ma ita ce ke da hujja mafi tsawo: Resick da abokan aikinta sun sake duba matan da aka yi wa jinya bayan fyaɗe, shekara 5 zuwa 10 da gamawa, suka tarar sauƙin da akasarinsu suka samu bai gushe ba.

Fa'idarta babba ita ce ido na ganin ido. Ƙwararre yana lura da lokacin da majinyaci ya yi shiru, idonsa ya kafe, hankalinsa ya bar ɗakin, ya san yadda zai dawo da shi. Idan akwai buƙatar magungunan sha, kamar sertraline ko paroxetine ko venlafaxine, likita na kusa. A Arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa a Kaduna da Kware a jihar Sakkwato, ga asibitin Dawanau a Kano, ga kuma sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Tsadarta ba a kuɗin kati take ba. Wanda zai taso daga ƙauye sau goma sha biyu, kowane mako, ya biya mota, ya bar sana'arsa, wani lokaci ma ya bi ta kan hanyar da aka tare shi, shi ne ya san nauyin abin. Ga kuma tsangwama, domin har yanzu akwai masu ganin duk wanda ya shiga irin wannan asibiti mahaukaci ne. Wani abin da ya kamata a tambaya tun ranar farko shi ne ko akwai wanda aka horar kan jinyar firgici ta hanyar tattaunawa, saboda a asibiti mai cunkoso abu ne mai sauƙi ganawar ta taƙaita ga rubuta magani cikin minti goma.

Zaɓi na biyu: ganawa ta bidiyo ko kiran waya

A nan jinyar ba ta canza ba, ɗakin ne kawai ya canza. Ƙwararren yana nasa wuri, majinyaci yana nasa, suna yin zama iri ɗaya da na asibiti a lokacin da suka tsayar. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta daɗe tana gwada wannan, ciki har da tsibiran Hawaii inda asibiti ke yi wa mutane nisa, kuma gwaje-gwajen sun nuna cewa hanyoyin Foa da Resick ta bidiyo ba su gaza na gaba da gaba ba, har watanni bayan kammalawa.

Kuɗin ƙwararre yawanci bai ragu ba, tunda lokacinsa ɗaya ne, kuma masu yin wannan aiki galibi masu zaman kansu ne. An huta da kuɗin mota, amma awa ɗaya ta bidiyo na iya cinye rabin giga zuwa giga ɗaya na data, ga shi an ƙara kuɗin kira da na data a Nijeriya a farkon 2025. Sabis ma ba abin dogaro ba ne a yankunan da aka fi buƙatarsa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Yankewar hoto a lokacin da mutum ke tsakiyar ba da labarin daren da aka shigo gidansu ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ya kamata a amince tun farko cewa idan bidiyo ya yanke, ƙwararren zai kira ta layin waya nan take.

Abin da na fi ganin ana rainawa shi ne batun ɗaki. A ɗauki matar aure a gidan yawa: ɗakinta labule ne a ƙofa, yara na shiga suna fita, kishiya ko suruka na tsakar gida, wayar ma wani lokaci maigida ne ke riƙe da ita da rana. Idan abin da ya same ta fyaɗe ne wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ta yaya za ta furta shi da murya a wannan ɗaki? Idan kuma wanda ke cutar da ita a cikin gidan yake, jinya daga gida na iya jefa ta cikin haɗari. Ga irin wannan mace, ɗaki mai ƙofa a wani asibitin sha-ka-tafi ko gidan 'yar'uwa amintacciya sharaɗi ne, ba ƙari ba. Haka kuma ƙwararren da ya san aikinsa zai nemi sanin inda majinyaci yake zaune da lambar wani na kusa da za a kira idan an shiga matsala. Wanda bai tambayi wannan ba, akwai alamar tambaya a kansa.

Zaɓi na uku: shirin intanet mai jagora

Wannan shi ne sabon abu na haƙiƙa, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Majinyaci yana bin darussa da aka tsara a shafin intanet, yana karantawa ko kallo, yana rubuta abin da aka umarce shi, ƙwararre kuma yana duba aikinsa yana ba shi amsa ta saƙo ko gajeren kira. Asalinsa daga Jami'ar Amsterdam ne a ƙarshen shekarun 1990, inda Alfred Lange ya ƙirƙiro shirin Interapy: rubutu sau 10 cikin mako 5, kowanne na minti 45. A kashin farko mutum yana rubuta abin da ya faru dalla-dalla, da abin da ya gani da wanda ya ji da wanda ya shaƙa. A na biyu yana rubuta wasiƙar nasiha ga wani aboki da ya ƙaddara cewa abin ya faru da shi, kuma a nan ne mutane da yawa ke gane cewa tausayin da suke yi wa wani sun hana wa kansu. A na uku yana rubuta wasiƙar ban kwana da lamarin.

Christine Knaevelsrud da abokan aikinta a Jamus sun mayar da wannan tsari zuwa Larabci da sunan Ilajnafsy, suka gwada shi kan mutum 159 a Iraƙi a lokacin da ƙasar ke cikin tashin hankali, ƙwararrun da ke jagorantarsu kuma Larabawa ne da ke zaune a wurare daban-daban. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna waɗanda suka bi shirin sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda ke jiran layi. Wannan gwaji yana da muhimmanci a gare mu domin ya nuna abin na iya aiki ko da rikicin bai ƙare ba, kuma a cikin al'ummar da ke ɓoye irin wannan ciwo saboda kunya.

Gwaji mafi ƙarfi na kwatanta shi da asibiti shi ne wanda Jonathan Bisson na Jami'ar Cardiff a Birtaniya ya jagoranta, aka wallafa a 2022. Mutum 196 masu ciwo mai sauƙi zuwa matsakaici, wanda ya samo asali daga lamari guda ɗaya, aka raba su biyu: wasu suka bi shirin Spring mai matakai 8 tare da ganawa da ƙwararre ta kimanin awa uku gaba ɗaya, wasu suka yi zama har 12 gaba da gaba. Bayan mako 16 shirin intanet bai gaza ba, kuma kuɗinsa fam 277 ne ga kowane mutum, na gaba da gaba fam 729. Sai dai bayan shekara guda, duk da cewa duka ɓangarorin sun riƙe sauƙinsu, alƙaluman ba su isa a tabbatar da cewa sun yi kunnen doki ba. A 2023 kuma Anke Ehlers ta Jami'ar Oxford ta kwatanta shirye-shiryen intanet guda biyu, dukansu masu jagora: ɗaya yana fuskantar lamarin, ɗaya yana koyar da sarrafa damuwa. Mai fuskantar lamarin ne ya fi. Ke nan ma'aunin farko yana nan daram ko a intanet.

Dole a faɗi iyakarsa. Nazarin 2021 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ya tattara gwaje-gwaje 13 da suka ƙunshi mutum 808, ya ga alamun amfani, amma ya ce hujjar tana da rauni sosai. NICE ta amince da shi ne ga manya waɗanda suka wuce wata uku da faruwar lamarin, suka fi son wannan hanya, alamominsu ba su yi tsanani ba, kuma ba sa cikin haɗarin cutar da kansu ko wasu. Wanda aka yi garkuwa da shi tsawon watanni, ko wanda aka azabtar tun yana yaro, ba irinsa aka gwada a Cardiff ba. Ga kuma shingen harshe: Spring da Turanci yake kuma ta hannun hukumar lafiyar Birtaniya ake samunsa, Ilajnafsy da Larabci. Bahaushen da ke Sudan ko Chadi ko Saudiyya mai rubutu da Larabci yana da ƙofar da ɗan'uwansa na Gusau ba shi da ita. Shirin yana kuma buƙatar mai iya karatu da rubutu sosai, da kuma juriyar zama shi kaɗai da daddare ya rubuta abin da ya shekara yana gudun tunawa. Amma yana da fa'idar da bidiyo ba shi da ita: rubutu ba ya sauti, ba ya cin data mai yawa, kuma idan sabis ya ɗauke ana iya turawa daga baya.

Zaɓi na huɗu: manhajar waya ba tare da jagora ba

Mafi shahara ita ce PTSD Coach, wadda hukumomin kula da sojojin Amurka suka fitar a 2011. Kyauta ce, tana bayanin ciwon, tana da tambayoyin auna kai da dabarun kwantar da hankali. Wani gwaji kan mutum 120 da aka wallafa a 2017 ya nuna ta fi zaman jira amfani, amma masu ita da kansu sun ce ba ta maye gurbin jinya. Mutane kan sauke irin waɗannan manhajoji su daina buɗe su bayan 'yan kwanaki, kuma babu wanda zai san halin da mai amfani da su ke ciki. Sauran manhajoji da yawa da ke kasuwa ba a taɓa gwada su ba, wasu kuma suna tattara bayanan mutane. Haka manhajojin hira masu amsa tambaya kamar mutum: ba ƙwararru ba ne, kuma ba za su iya aiko da taimako ba.

| Hanya | Ƙarfin hujja | Ɗorewa | Kuɗi | Abin da take buƙata | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gaba da gaba | Mafi ƙarfi | An bi diddigi har shekara 5 zuwa 10 | Mai yawa idan an haɗa da tafiya | Kusanci da asibiti, lokaci | Yankewa saboda nisa ko tsangwama |
| Bidiyo ko kira | Mai ƙarfi | Mai kyau cikin watannin da aka auna | Kuɗin ƙwararre da data | Sabis mai ƙarfi, ɗaki mai sirri | Wani ya ji, ko yankewar layi |
| Shiri mai jagora | Mai kyau ga ciwo matsakaici | Ana riƙe sauƙi har shekara | Ƙasa da rabin na asibiti a gwajin Cardiff | Karatu da rubutu, harshen shirin | Bai dace da ciwo mai tsanani ba |
| Manhaja kaɗai | Kaɗan | Ba a tabbatar ba | Kyauta ko kaɗan | Waya ta zamani | Ba mai sa ido, ɓallewar bayanai |

Akwai abubuwan da suka shafi duk hanyoyin. A makonnin farko na jinyar da ke fuskantar lamarin, wasu kan ji kamar abin ya ƙaru, mafarkai su dawo, kuma a nan ne mutane ke tserewa; kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida ba ya kammala jinya. Wanda ya san da wannan tun farko ya fi iya daurewa. Sannan magungunan sa barci irin su diazepam da ake saya a kemis ba sa warkar da wannan ciwo, ƙa'idojin jinya na Amurka sun yi hani da amfani da su a kansa, kuma suna kama jiki. Ga wanda danginsa ke ganin iska ce ta taɓa shi, addu'a da jinya ba sa karo da juna, ana iya haɗa su. Kafin a biya kowa kuɗi ta intanet, a tambaye shi sunan hanyar da yake bi, da adadin zaman da za a yi, da inda ya samu horo. Idan ya ce shi likita ne a Nijeriya, to ya kamata ya kasance da rajista da hukumar MDCN, mai yi wa likitoci rajista a ƙasar. A sa wa waya lambar sirri, kuma kada a bar rubutun jinya a WhatsApp ɗin da yara ke ɗauka su yi wasa.

Wace hanya ta dace da wa

Wanda tunanin halaka kansa ke zuwa masa, ko yake ɓacewa daga hayyacinsa har ya rasa sanin inda yake, ko ya dogara da ƙwaya ko barasa don ya yi barci, ya nufi asibiti kai tsaye tare da wani na kusa da shi, komai nisan tafiyar. Haka wanda aka daɗe ana cutar da shi, kamar wanda ya yi watanni a hannun masu garkuwa: ya fara da ganawa gaba da gaba, daga baya likita na iya mayar da wasu zaman zuwa waya. Yara ma ƙwararre ya kamata ya gan su tare da iyayensu.

Ma'aikaci ko ɗalibi ko ɗan kasuwa da ke garin da babu ƙwararre, amma yana da sabis mai kyau da ɗakin da zai kulle, bidiyo ya fi dacewa da shi, domin cikakkiyar jinya zai samu. Wanda lamari guda ya same shi, kamar haɗarin mota ko fashi ko haihuwa mai wuya, yana iya gudanar da harkokinsa duk da ciwon, yana karatu da rubutu da Turanci ko Larabci, kuma kunya na hana shi magana da baki, shiri mai jagora zai yi masa, matuƙar akwai mutum na gaske da ke karanta abin da yake rubutawa kowane mako. Wanda ba ya karatu, ko Hausa kaɗai yake ji, zai fi samun biyan buƙata ta kiran waya da ma'aikacin lafiya mai jin Hausa, ko ta ma'aikatan da ƙungiyoyin agaji ke horarwa a sansanonin 'yan gudun hijira. Manhaja kuwa ta dace da mai jiran ranar ganin likita, ko wanda ya gama jinya yana son abin da zai riƙa tuna masa dabarun da ya koya. Idan ya yi wata ɗaya ko biyu yana amfani da ita barcinsa bai daidaita ba kuma har yanzu yana kauce wa hanyar nan, ya koma ga ɗaya daga cikin ukun farko.